Saveria Ta Ƙi Sauka Daga Tudu

Roccaferra, Calabria
Yuli, 1971

Zuwa ga ƙanwata Saveria,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Ornella. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mama tana gaishe ki, haka matata Annina da yara.

Bayan gaisuwa, ina sake yi miki ta'aziyyar mijinki Fiorenzo. Allah ya ji ƙansa. Ban samu zuwa jana'iza ba saboda aikin ofis, ga nisan ƙasar taku ta arewa. Mutumin kirki ne, ko da yake sau ɗaya na gan shi, ranar da ya zo neman aurenki da hotonki a aljihu, yana ta gumi cikin kwat.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun rasuwar Baba ni ne babba a gidan nan, kuma nauyinki ya dawo wuyana. Ki haɗa kayanki ki taho gida. Bai dace mace mai ƙuruciya ta zauna a kan tudu ba miji, ba ɗan'uwa, cikin mutanen da ko yarensu ba nata ba. Gangaren da ya kifar da tarakta a kan mijinki, namiji mai ƙarfi, ba zai raga miki ba. Ki bar wa Dalmazzo, wan mijinki, gonar inabin ya noma, ya riƙa aiko wa yarinyar da abin da ya sawwaƙa. Na ji har kin fara hawa gonar da tankin feshi a baya kamar jaki. Wannan ba mutuncin gidanmu ba ne.

Mama ta ce lallai ki dawo kafin ƙarshen watan gobe.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Nicodemo

*

Tudun San Grato, kusa da Canelli
Agusta, 1971

Yaya Nicodemo,

Na samu takardarka, na gode da gaisuwa da ta'aziyya. Muna lafiya. Ornella ta zubar da haƙoranta na gaba, tana yawo tana nuna wa kowa giɓin. Ka gaishe da Mama da kyau, ka gaishe da Annina.

Ba zan dawo ba, Yaya. Na fara da wannan don kada ka karanta har ƙasa kana jira in sauko.

Gonar nan ta Ornella ce, takardar gado ma haka ta ce. Lokacin da mahaifinsu ya raba musu ƙasa, Dalmazzo ne ya fara zaɓa, ya ɗauki fadamar ƙasa mai sauƙin noma, ya bar wa ƙanensa gangaren da akuya ma sai ta yi tunani kafin ta hau. Sai daga baya ya gane gangaren ne ke kallon rana tun safe har yamma, kuma farin inabin moskato da ke fita a nan babu kamarsa a kwarin nan duka. Yanzu ƙanensa ya mutu, ya tuna da zumunci.

Ya zo ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ya zauna a kujerar Fiorenzo ba wanda ya ce masa ya zauna. Ya ce, "Saveria, aikin nan ba na mace ba ne."

Na ce, "Yaya Dalmazzo, shekara takwas ɗin nan wa kake gani yana ɗaure rassan nan da sassafe? Fadan coci ne?"

Ya ce, "Ɗaurin reshe daban, riƙon gona daban. Ku 'yan kudu zaitun kuka sani."

Na ce, "Gaskiya ne. Amma da aka kawo ni ba a tambaye ni abin da na sani ba, kwando aka miƙo mini."

Ya sha kofinsa bai gama ba ya tashi. Surukata Ghitin, uwarsu, tana zaune bakin murhu tana ɓare wake, ba ta ɗaga kai ba. Gida ɗaya muke da ita, amma maganar da take yi mini a yini ba ta wuce ta gishiri da itace.

Da ka zo yanzu da ka gane abin da nake faɗa. Inabin ya fara juyawa ruwan zinariya. In ka shiga tsakanin layukan da rana, ƙamshi ne kamar an jiƙa furen lemo da zuma, ƙudan zuma har rige ka suke yi. Ni na yi masa feshi, ni na rage masa ganye, bayana ya saluɓe saboda igiyar tankin. To, in jaki ce ni, jakar gonar 'yata ce.

Amma ina da tambaya. Ban taɓa rubuta maka maganar tankin feshi ba. Wa ya hango ni daga Calabria?

Ka ce wa Mama kada ta damu, ina ci ina sha.

Ƙanwarka,
Saveria

*

Roccaferra
Farkon Satumba, 1971

Saveria,

Bayan gaisuwa, na ga amsarki, ban kuwa ji daɗinta ba. Ba haka ake yi wa na gaba magana ba.

Tun da kin tambaya, ba zan ɓoye ba: Dalmazzo ne ya rubuto mini, kuma ya yi daidai. Magana ce ta maza, tsakanin gida da gida. Ya ce shi ba ya son faɗa, kunya kawai yake guje wa dangin biyu. Ya kuma sanar da ni cewa kamfanin giyar da ke sayen inabinku da mijinki ya yi yarjejeniya, ba da ke ba. In sun ƙi saye, ina za ki kai shi? Inabi ba alkama ba ne da za ki zuba a rumbu.

Mama ba ta da aiki sai kuka. Ki ji tausayin tsufanta.

Yayanki,
Nicodemo

*

Tudun San Grato
Oktoba, 1971

Yaya Nicodemo,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama da mutanen gida. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuwana ne ba su iya riƙe alƙalami sai yanzu.

Abokin maganarka ta maza ya cika alkawarinsa, bari in ba ka labari tun da na san shi nasa zai ba ka.

A nan gayya ake yi wa yankan inabi: yau gonar wannan, gobe ta wancan. Na je ta kowa, har ta Dalmazzo, na yi masa yini cur. Ranar tawa na dafa tukunyar taliya ta mutum ashirin, na yanka zomaye, na shimfiɗa tebur a tsakar gida. Rana ta ɗaga ba ko mutum ɗaya. Wannan matarsa ba lafiya, wancan saniyarsa za ta haihu. Ni da Ornella muka ci abin da za mu iya, kaji suka ci saura.

Na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba. Da na gama sai na tare mai motar burodi, shi da ke zagaya tuddan nan duka, na ce ya faɗa wa kowace 'yar kudu da aka auro nan cewa Saveria tana neman hannu ran Lahadi. Ka san muna da yawa, kowace a kan nata tudun, ba ma haɗuwa sai a kasuwa. Amaren hoto suke ce mana, don a hoto mazajenmu suka fara ganinmu.

Mela ce ta fara isowa, 'yar Pietrabianca, garin da ke bayan namu. Na ce, "Mijinki ya bar ki?"

Ta ce, "Na ce masa coci zan je. Ai ga coci can a kan tudunku, ina ganinsa daga nan."

Kafin hantsi mun kai goma sha wani abu, wasu da goyo. Muka shiga layuka muna waƙoƙin gida da ƙarfi, da yarenmu, wanda a nan sai a ɓoye muke yi. Na san har fadama ana jin mu. Wata mai suna Iolanda ta ce rabonta da buɗe murya haka tun ranar da ta hau jirgi. Muka sauke gonar tas.

Sai motar kamfani ta ƙi zuwa. Na sauka gari na sami Gepin, dillalin da ke haɗa mu da su, yana zaune a shagon kofi. Ya ce, "Baiwar Allah, sunan da ke wurinsu na mamaci ne. In Dalmazzo ya kawo inabin da sunansa, yau ɗin nan za a auna."

Na ce, "Inabin mamacin ne, ko ɗanɗanonsa ma ya mutu?"

Ya ce shi ɗan aike ne. Na ce to ya aika wa mai aikensa cewa gara in zuba wa aladu.

Na faɗa ne kawai, Yaya, amma da na hau gida na ga kwandunan jere a rana, ruwan zaƙi yana tsiyaya ta ƙasa, rina ta yi musu baƙi. Moskato ba ya jira. Kwana biyu a haka ya zama tsami.

Ina tsaye sai ga Ghitin ta fito da wani tsohon mabuɗi a hannu. Ta wuce ni ta buɗe ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, wanda tun zuwana dankali kawai ake ajiyewa a bakinsa. Can ciki akwai abin matse inabi na mijinta, da gangunan katako, da wasu dogayen buhunan yadi a rataye. Ta ce, "Kin tsaya kallona? Kawo ruwan zafi."

Na ce, "Mama Ghitin, kin san ɗanki ba zai ji daɗi ba."

Ta ce, "Ba don ke nake yi ba. Inabin Fiorenzo ne, ba zai ruɓe ina kallo ba. Kuma ki daina surutu, giya ba ta son surutu."

Mun matse shi duka, ni da Ghitin da Mela. Ghitin ce ta koya mini yadda ake yi tun kafin zuwan kamfanoni. Ruwan inabin nan, in ka bar shi ya tsima yadda yake so, zaƙin zai ƙone, ƙamshin ya gudu, ya zama giya kamar kowace. Don haka da ka kara kunne a jikin ganga ka ji ya fara motsi, sai ka tace shi ta buhunan nan ka mayar wata gangar. Ya kwanta, ya sake motsi, ka sake tacewa. Haka za a yi ta yi har sanyi ya wuce. Buhunan kuma a rafi ake wanke su, ruwan kamar reza. Shi ya sa na ce maka hannuwana.

Dalmazzo ya hau jiya. Bai shigo ba, daga ƙofa ya ce wa uwarsa, "Mama, kin zaɓi bare kenan?" Ta ce masa ya matsa yana tare mata haske.

Maganar kukan Mama ta tsaya mini a rai. Ka karanta mata wannan takardar duka, kada ka tsallake komai. Ita ma ta san aiki, za ta gane.

Ƙanwarka,
Saveria

*

Roccaferra
Disamba, 1971

Saveria,

Gaisuwar Kirsimeti gare ki da yarinyar.

Labarinki ya riga takardarki isowa. Yanzu a dandalin gari ana cewa ƙanwar Nicodemo ta tara matan mutane sun bijire wa mazajensu, kuma ta zama mai dafa giya da baƙaƙen kayan makoki a jikinta. A ofis ba na iya ɗaga kai. Ina da 'ya'ya mata biyu da zan aurar wata rana, ko wannan ba ki duba ba.

Na yi lallashi, na yi nasiha. Ga magana ta ƙarshe, kuma daga bakin Mama ta fito: in ba ki dawo kafin bikin Ista ba, ki ɗauka ba ki da uwa a Roccaferra. Kada ki sake rubuto mata, ba zan karanta mata ba.

Allah ya shirye ki.
Nicodemo

*

Tudun San Grato
Afrilu, 1972

Yaya Nicodemo,

Ina gaishe ka, ko da ba ka so. Ina fatan Annina da yara suna lafiya.

Na daɗe ban amsa ba don takardarka ta kwantar da ni. Har na ciro akwati daga ƙarƙashin gado. Ornella ta gan shi ta ce, "Ina za mu?" Sai na mayar da shi.

Ga abin da ya faru, don ka ji daga bakina kafin a kai maka da gishiri. Mun zuba giyar a kwalabe a watan jiya. Da ɗumi ya fara shigowa, sai waɗanda ba su tacu sosai ba suka farka a cikin kwalba. Wata safiya ina shanya na ji kamar harbin bindiga a ƙarƙashin gida, sai wani, sai wani. Na ruga ciki. Ghitin tana ƙwala mini kira kada in shiga, ban ji ba. Ina jawo akwatin da ke kusa da bango wata kwalba ta fashe a gabana, gilashi ya tsaga mini kunci daga gefen baki har kusa da kunne. Da ya ɗan hau sama da yanzu ido ɗaya gare ni.

Ka san wa ya kai ni wurin likita? Dalmazzo. Ya ji ƙarar daga fadama ya hau da motarsa, ya ɗauke ni cak kamar buhu, ya cire rigarsa ya ce in danne. Fuskarsa ta yi fari fat, ina jin gawar ƙanensa ya tuna, don shi ya ciro shi daga ƙarƙashin tarakta. Har na ji zuciyata ta yi sanyi a kansa. Muna tsakiyar hanya, jini yana bin wuyana, sai ya ce, "Kin gani ko? Yanzu dai kya ba ni gonar."

Na fashe da dariya, ciwon yana buɗewa ina yi. Na ce, "Yaya Dalmazzo, tuƙa motar kawai." Shi ma sai da ya kau da kai yana murmushi, ya ce bai taɓa ganin mai taurin kai irina ba, ban da uwarsa. Bai haƙura ba, na sani, amma tun ranar yana amsa gaisuwata.

Kusan rabin kwalaben sun tafi. Ɗakin ƙasan har yau ƙamshi yake kamar gidan biki. Amma sauran rabin, Yaya. Mun buɗe ɗaya ni da Ghitin a kicin. Ruwanta garau kamar hasken safiya, 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a hankali, zaƙin bai cika baki ba, ƙamshin gonar nan na watan Agusta yana ciki bai tafi ko'ina ba. Ghitin ta kurɓa, ta ce, "Ta mijina ta fi." Sai ta miƙo kofi a ƙara mata.

Mai gidan abinci na gari ya ɗanɗana ya kwashe abin da ya rage don bukukuwan aure na bazara, ya ce in ajiye masa na baɗi. Bai tambayi sunan wa ke kan gonar ba. Mun sayi takalmi ni da Ornella, na kuma biya wanda zai gyara taraktar. Ni zan tuƙa ta. Ka fara shirya abin da za ka faɗa a ofis.

Yanzu maganar Mama. Wannan takardar ba ta gidan waya za ta bi ba. Mela za ta zo ganin iyayenta, ita za ta kawo maka, tare da kwalba biyu da za ta damƙa wa Mama hannu da hannu. Na ce ta zauna ta ba ta labarin komai da baki, da yarenmu, ta faɗa mata har tabon da ke fuskata. In da gaske Mama ta cire ni daga 'ya'yanta, ta faɗa a gaban Mela. Zan ɗauka, zan yi kukana, amma daga bakinta nake son ji, ba daga alƙalaminka ba. Ko ta faɗa ɗin ma, ina nan.

Ka huta lafiya.
Saveria

*

Roccaferra
Mayu, 1972

'Yata Saveria,

Ni ce uwarki Fortunata ke magana, Teodora matar mai kantin magani take rubutawa, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa. Ina gaishe ki, ina gaishe da jikata, ina gaishe da tsohuwar da kuke tare.

Mela ta zo, ta faɗa mini komai. Shekara guda abin da yayanki ke karanta mini shi ne kina lafiya, ana ruwa, kina gaisuwa. Ban ce ki dawo ba. Ban ce ba ni da 'ya ba. Kukan da na yi na mijinki ne. Yayanki yana nan tsakar gida yana jin abin da nake faɗa, da gangan na bar ƙofa a buɗe.

Shekara arba'in ina tsintar zaitun a gonar wasu, ban taɓa mallakar ƙasar da zan dasa albasa ba. Ke kin samu tudu guda. In kika sauko, a nan ne za mu ɓata.

Na sha abin naki. Ya cika zaƙi, amma Teodora ta shanye kwalba ɗaya kusan ita kaɗai, tana cewa kada in sa wannan a takarda. Tabon kuma ki riƙa shafa masa man zaitun safe da yamma.

Mela ta ce a watan Satumba kuke yankan inabi. Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, amma an ce zama kawai ake yi. Ki zo tasha ki tare ni, ki kuma wasa mini wuƙa.

Allah ya yi miki albarka.
Uwarki,
Fortunata